Gwaggon Mafara Ba Ta Zama

Na Allah ne mu, kuma gare Shi Gwaggo, yayar mahaifina, ta riga mu komawa, ranar wata Talata da hantsi, kasuwar Mafara na tsakiyar ci. Ina cikin aji a Bakura, alli a hannuna, babban ɗanta ya kira ni a waya. Yaya muke ce masa. Mahauci ne mai murya kamar ta mai shela, amma ran nan sai da na toshe ɗaya kunnen kafin na ji shi. "Ki taho," ya ce. "Tsohuwa ta kwanta."

Bayan azahar aka kai ta makwancinta. Mahauta suka rufe tebura tun ciniki bai ƙare ba, suka bi gawa. Cikin gida kuwa babu wurin sa ƙafa. Matan da ta koya wa karatu ne, tun daga masu furfura har amaren bana. Wata tsohuwar maƙwabciyarta ta shigo tana dogara sanda, ta dubi ƙofar ɗakin, ta ce, "To, yau dai an samu ta zauna wuri guda." Mata suka yi dariya da hawaye a fuska, sannan kuka ya dawo sabo.

Wata mata ta zo tun daga Dosara, can ƙasar Maradun, duk da hanyar ba ta da lafiya a kwanakin nan. Ta kasa yin gaisuwar ta'aziyya yadda aka saba. Duk wadda ta tarar sai ta miƙa mata hannuwa biyu, tana buɗe yatsu tana rufewa, tana cewa, "Ku duba. Ku duba dai." Waɗanda ba su san ta ba suka zaci ta zautu.

Mahaifina yana zaure. Malami ne, shi ya saba ba mutane haƙuri a irin wannan rana, amma aka yi ta zuwa ana "ya haƙuri, Malam," shi ko yana ɗaga kai kawai. Furar da aka kai masa ta dawo yadda aka kai ta.

Ni kuwa na kasa zama. An shimfiɗa mini tabarma cikin 'yan uwa, sai in zauna, in amsa gaisuwa ɗaya biyu, in miƙe. In leƙa madafa, in dawo, in jera takalman baƙi da ba wanda ya ce in jera. Har yanzu da aka watse haka nake. Shi ya sa na ɗauki biro. Tsorona kada wata rana a ce wa jikokinta, "Kakarku wata tsohuwa ce mai karkatattun hannuwa," a tsaya nan.

A Maradun aka haife ta, gidan malamai. Kakanmu ya karantar da ita tare da ƙannenta maza, kuma mahaifina da bakinsa ya sha faɗin ta fi su kai. Da ta ce wani mahaucin Mafara take so, dangi suka yi ta gunaguni, wai ɗiyar malam a gidan fawa. Ta tare abinta. Ba a jima ba tsakar gidan mahauci ta zama makaranta, matan mahauta da na dillalan shanu suna zuwa bayan la'asar da allunansu. Waɗanda suka ga rubutunta a lokacin sun ce in ta rubuta allo har tausayin wanke shi ake ji.

Bayan haihuwar autanta ciwon ya zo. Ta tashi wata safiya yatsunta a kumbure, hagu da dama, ta kasa kwance zanen goyo. Aka ce jego ne. Arba'in ta wuce, aka ce sanyi ne. Ya bar yatsu ya shiga wuyan hannu, ya sauka gwiwa, ya kama ƙafa. Ba abin da ba a yi mata ba: ƙaho, tsaga, jiƙe-jiƙe, man shafawa, gashi da ruwan zafi. Daga baya aka gano mata wasu ƙwayoyi na haɗi da ake ƙullawa a leda a kemis. In ta sha sai ta ji garau, don haka ta shekara da shekaru tana sha. Fuskarta ta yi zagaye, mata suna yi mata barka wai ta yi ƙiba. Ashe ba ƙibar lafiya ba ce. Ciwon sukari ya biyo baya, ido ya fara hazo, baya ya tanƙware. Su kuma yatsu suna ta karkata a hankali, duk suka kwanta gefe guda kamar shinkafar da iska ta bi ta kanta. Ni a haka na buɗe ido na gan ta. Da gefen hannu take buɗe shafi, a kan kujera take salla.

Sai dai ba ta zama. Ta lura in ta daɗe zaune gaɓɓanta suna daskarewa, sai ta ɗaura yaƙi da zama. A tsaye take karantarwa, tana ratsa tsakanin mata tana jan ƙafa, tana gyara wa wannan harafi, tana taɓa waccan da gwiwar hannu in ta ga tana gyangyaɗi. A tsaye take shan fura. In ta zo gidanka ka ce, "Bismilla, Gwaggo, ga tabarma," sai ta ce, "In na zauna ciwon ma ya zauna. Bari dai in gaishe ku daga nan." Yau tana Morai wurin suna, gobe tana Bakura dubiya, jibi an ce ta shiga motar Maradun. Kuma ba ta yarda a kira ciwonta sanyi. "Wanga ba sanyi ba ne," in ji ta. "Wuta ce. Mai shi shi ya sani."

Ranar sunan ɗan maƙwabtana a Bakura Gwaggo ta kama ni. A lokacin ina da 'ya'ya biyu, kuma na ɗan kwana biyu ina fama da yatsuna da safe, ban gaya wa kowa ba sai maigidana. Aka miƙo mini fulas in zuba wa baƙi shayi, na murɗa murfin ya ƙi, na sake murɗawa, na miƙa wa ta kusa da ni ina dariya. Ashe Gwaggo tana tsaye bakin ƙofa tana kallo. Ta ja ni bayan ɗaki, ta danne gaɓɓan yatsuna da gefen hannunta. Na yi ƙara.

"Da sahe in kin tashi, yaya suke?"

"Sun ɗan riƙe, Gwaggo. Kafin hantsi suna saki."

"Duka biyu?"

"Duka biyu."

Ta tsura wa hannuna ido, ba ta kalli fuskata ba. Sannan ta ce, "Ɗiyata, ɗauko mayahinki."

Ta taɓa jin wani likita a rediyo yana cewa irin wannan ciwon yana da likitocinsa na musamman, kuma in aka tare shi da wuri ba ya karya gaɓa. Ta riƙe maganar a ranta ba ta san ranar amfaninta ba. Maigidana bai yi musu ba, amma ya ce a sanar da mahaifina. Nan aka yi rigimar da dangi har yau suke labari.

Muka same shi a zaurensa a Maradun, littafi buɗe a gabansa. Ya saurara, ya ce sanyi ne, gado ne, ga shi yayarsa ta yi haƙuri da shi shekara da shekaru Allah bai bar ta ba. Zai yi mini rubutu. Hanyar Sakkwato kuma ba abin wasa ba ce a wannan zamani, kada a kai masa ɗiya inda za a yi ta jan jininta a banza.

"Yi mata rubutun," in ji Gwaggo. "Ta sha, ni ma a sam mini. Amma gobe muna Sakkwato."

"Yaya," in ji mahaifina, "ke da kike karantar da mutane ƙaddara?"

Sai ta matso, ta ɗora hannuwanta biyu a kan buzunsa, daf da littafin. "Malam ƙarami, karanta wanga. Tun kana saurayi kake kallonsu, ba ka taɓa karanta su ba. Haƙurin da kake yabo, ba ni da wani zaɓi na yi shi. Ita tana da."

Ya ce ta ci masa fuska a gaban ɗiyarsa. Ta ce fuska tana wankuwa. Muka fito ba sallama, kuma daminar nan har ta wuce ba su yi magana ba.

A babban asibiti a Sakkwato wata likita mace ta gan mu, yarinya ce, ba za ta girme ni ba. Ta sa aka ɗebi jinina, ta ɗora wata na'ura a kan yatsuna tana nuna mana kumburin a allo. Ta ce amosanin gaɓɓai ne, irin wanda garkuwar jiki ke rikicewa ta koma tana yaƙar gaɓɓan mai ita. Gwaggo ta dube ni, ta ce, "Ban ce maku wuta ce ba?" Likita ta yi murmushi. Ta ce abin da bincike ya nuna shi ne watannin farko su ne komai: in aka kashe wutar kafin ta ci ƙashi, mutum yana iya tsufa da yatsunsa a miƙe. Ta rubuta mini wata ƙwaya da ake sha sau ɗaya a mako, da sharaɗin gwajin jini a kai a kai. Ta ce in wannan bai isa ba akwai wasu, har da allurai sababbi da aka ƙera don su tare ainihin abin da ke hura kumburin, ba su bi jiki duka da duka ba.

Duk wannan bayani Gwaggo tana tsaye jikin bango. Sai na ji numfashinta ya sauya. Ta ɗaga hannuwanta sama, a gaban likita da ma'aikaciyar jinya, ta ce da ƙarfi, "To ina kuke? Ina kuke sa'ad da nike kuka da goyo a baya? Wa ya ɓoye wanga magani?"

Likita ta ajiye biro, ta taso, ta riƙe hannuwan nan da mutane suke kau da kai daga gare su. Ta ce, "Mama, lokacin wasu ba a gano su ba, wasu kuma ba su iso mu ba. Ni ma ba a haife ni ba. Ki yi haƙuri."

A mota muna dawowa ta yi kuka, kuma shi ne kukanta na farko da na taɓa gani. Tana yi tana istigfari. Wajen Tureta ta share fuska da bayan hannu, ta ce, "Na yi wa yarinyar mutane tsawa, ba ta ci mini komi ba. In mun koma ki tuna mini in kai mata dambun nama."

Ta kai mata kuwa. Daga nan kuma ta zama kamar mai gadi a kaina. Ranar shan ƙwayata, kafin in gama karin kumallo wayarta ta shigo. "Kin sha?" Ba sallama, ba gaisuwa. Da muka so ƙarin haihuwa, ni da maigidana, ga shi an gargaɗe ni cewa ƙwayar nan ba ta haɗuwa da ciki, ita ta zo Bakura ta tsaya a kansa, ta ce kada wanda ya yanke shawara a ɗaki, a koma wurin likita. Aka sauya mini magani zuwa wanda ba ya cutar da ciki, aka jira lokacin da likita ta ce, sannan Allah ya ba mu namiji. Ranar suna ta hana kowa zuba shayi, ta ce ni zan buɗe fulas ɗin da kaina.

Matar nan ta Dosara, labarinta a bakin wata ɗalibar Gwaggo ya zo. An ce akwai wata a can da dangin miji suka sa wa suna malalaciya, don ba ta iya daka da safe, ba ta iya matse wanki, sai rana ta ɗaga take warwarewa. Har an fara maganar a mai da ita gidansu. Gwaggo ba ta san su ba, ba su san ta ba. Yaya ya ce ba inda za ta, hanya ba kyau. Ta bari ya tafi mayanka, ta shiga mota. Ta isa, ta yi sallama, ta yi doguwar gaisuwa har da ta kaji da awaki, sannan ta ce a kira mata uwar mijin. Ta fito da hannuwanta daga cikin hijabi ta ce, "Hajiya, ni ma haka anka ce mini, lalaci. Ga inda lalacin ya kai ni. Ku ba ni aronta kwana kaɗan." A ɗakin Gwaggo matar ta sauka, ita ta raka ta Sakkwato, kuma duk lokacin komawa asibiti a nan take yada zango. Ba ita kaɗai ba ce. An yi wata mata daga garin Kaya, an yi wani dattijo manomin shinkafa daga Morai. Wasu ciwonsu ya zama irin nata, wasu likita ta ce wani ne daban, tsufan gwiwa ne ko wani abu. Gwaggo ba ta damu ba. "Ni ba likita ba ce," take cewa. "Ni jagora ce."

Sulhunsu da mahaifina ma ta nan ya zo. Wata rana da hantsi sai ga shi a ƙofar gidanta, bayansa wani ɗalibinsa da matarsa mai kumburarrun yatsu. Bai ce yi haƙuri ba, ita ma ba ta nema ba. Ya ce, "Yaya, ga wata." Ta ce, "Shigo ka sha ruwa, Malam ƙarami." Shi ke nan.

Ita kanta Gwaggo, likita ba ta ƙyale ta ba. Ta gaya mata gaskiya, abin da ya karkace ba zai miƙe ba, amma wutar da ta rage ana iya kashe ta. Aka janye ta daga ƙwayoyin haɗin nan sannu a hankali, don an ce yanke su rana ɗaya haɗari ne. Aka gwada ta a kan irin maganina, bai yi mata yadda ake so ba. Sai aka yi mata gwajin tarin fuka, aka ga ba ta da shi, aka fara mata allurar nan sabuwa. Tana da tsada ƙwarai, ko da yake an ce yanzu ana samun makamantanta masu ɗan sauƙi. Yaya ya ɗauki nauyi, bai bari ta ji ko nawa ba ne. Ya so ya ajiye ta a firizar nama, likita ta ce in ta daskare ta lalace, sai aka roƙi wani mai kemis na unguwa da ke da firji mai sola.

Bayan 'yan watanni, wata Juma'a da la'asar, ta aika a kira ni. Na tarar ta tura kujerar sallarta gefe, ta sa an shimfiɗa darduma. "Tsaya nan kusa," ta ce, "in na kasa tashi ki ɗaga ni." Ta kabbara. Da ta zo sujada ta sauka a hankali, gwiwa ɗaya, sannan ɗayar, ta dafa ƙasa da gefen hannuwanta, goshinta ya taɓa darduma. Tun autanta yana goye rabonta da wannan. Ta daɗe a can ƙasa har na tsorata na matso. Ashe addu'a take. Da ta sallame ta dube ni ta ce, "Ƙasa tana nan yadda na bar ta."

Sauƙin bai sa ta natsu ba, sai ma ya ƙara mata ƙaiƙayi. Duk zuwana sai ta ce in buɗe waya in karanta mata abin da masu bincike suka gano. In ce mata yanzu akwai ƙwayoyi masu aikin allurar nan, ta ce, "Sun iso Gusau?" In ce ana nazarin yadda za a gane ciwon a jini tun kafin gaɓa ta kumbura, ta ce, "To mi suke jira?" In ce an ga alaƙarsa da hayaƙin taba da ciwon dasashi, sai washegari ta tsare matan ajinta da wa'azin asuwaki. Tambayarta ta ƙarshe kullum ɗaya ce: "Sun gano mi ke kawo shi?" In ce ba su gama ba. Ta ce, "Su yi sauri. Akwai mata cikin ƙauyukan nan."

Ba ciwon gaɓɓai ne ya ɗauke ta ba. Ƙirji ne ya kama ta bayan ƙaramar salla, numfashi ya yi ta gajarta, ga sukari, ga shekaru. Zuwana na ƙarshe na same ta kwance da rana tsaka, abin da ban saba gani ba. Ta ce in miƙo hannuwana. Ta jujjuya su, ta lanƙwasa yatsun ɗaya bayan ɗaya kamar mai duba kaya a kasuwa.

"Suna nan lahiya lau," ta ce. "To ki ji. Ni ban taɓa yi wa kowa wankan gawa ba. Uwata ta rasu ina tsaye ina kallo, wasu sunka wanke ta, ni ko buta ban iya riƙewa. Ke za ki yi mini. Da waɗannan."

Na ce, "Haba Gwaggo, wace irin magana ce wannan."

Ta ce, "Ba tambayarki nike ba."

Ranar Talatar nan, da na sauka daga mota, Yaya yana tsaye a ƙofar gida yana jirana, ya hana a fara wanka. Muka shiga ni da wata dattijuwa da ta san aikin. Na ɗauki buta da hannuna, na zuba, na wanke ta yadda aka nuna mini, dama kafin hagu. Jikinta ba nauyi, kamar na yarinya. Da na zo kan hannuwanta sai na tsaya. Na sa yatsuna cikin nata ina ƙoƙarin miƙar da su, a raina ina cewa ko yau dai, tunda ciwon ya sake ta. Suka ƙi. Na sake gwadawa, hawaye na zuba a kansu.

Dattijuwar ta dafa kafaɗata. "Bar su, ɗiyata," ta ce. "Wanda za ta wurinsa ya san su."

Na bar su. Na wanke tsakanin yatsun ɗaya bayan ɗaya, na shanya su a gefenta, muka ja likkafani.

Ya Allah, ga baiwarka nan ta zo maka a gajiye. Ka yafe mata, ka yalwata mata makwanci, ka ba ta hutun da ba ta samu a nan ba. Mu kuma da muka rage, ka sa mu cika da imani.